Queen Rock Montreal da Live Aid a faifai: abin da ke ciki, abin da babu, da saitin da ya dace da shi

A watan Mayun 2024 aka sake fito da faifan Queen Rock Montreal, wannan karon a kan 4K Ultra HD da kuma Blu-ray, aka haɗa da wasan da ƙungiyar Queen ta Birtaniya ta yi a Live Aid na 1985, bikin kiɗa na tara kuɗin agajin yunwar Habasha, a matsayin gyara. Ga mai son sanin dalilin da ya sa har yau ake sa Queen a sahun gaba idan ana zancen kiɗan rok a kan dandamali, da wuya ya samu shaidar da ta fi wannan. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sai dai faifan yana da giɓi a wurare da dama, kuma yana cikin irin kayan da saitin talabijin mara kyau ke ɓatawa nan take, don haka akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya buɗe kwalin.

An ɗauki wasan ne a dare biyu, 24 da 25 ga Nuwamba 1981, a zauren Forum da ke birnin Montreal na Kanada, wanda ke ɗaukar mutum kusan 18,000. Lokacin yana da muhimmanci. Shekara goma ke nan da John Deacon ya shigo ya cike gurbin mai jitar bes, ƙungiyar ta zama mutum huɗu tare da mawaƙi Freddie Mercury da mai jita Brian May da mai ganga Roger Taylor. A cikin shekarun nan goma kusan ba su sauka daga hanya ba. A ƙarshen 1973 su ne masu buɗe wa ƙungiyar Mott the Hoople wasa a Birtaniya, a 1974 suka bi su Amurka, rangadin ya katse da ciwon hanta ya kwantar da Brian May. A 1975 suka je Japan, a watan Satumban 1976 suka yi wasan kyauta a Hyde Park na Landan. Kundinsu The Game na 1980 shi ne ya kai su ƙololuwa a Amurka, waƙoƙi biyu daga cikinsa suka hau lamba ɗaya a can. A farkon 1981 kuma suka yi abin da manyan ƙungiyoyin rok ke jin tsoron yi a wancan zamani: suka kwashi kayan sauti da fitilu suka nufi filayen ƙwallo na Kudancin Amurka. Sun yi wasa a filin Vélez Sarsfield na Buenos Aires, da Mar del Plata da Rosario a Ajantina, sannan filin Morumbi na São Paulo a Brazil, inda aka ƙidaya mutum 131,000 a daren farko. A kakar wannan shekara suka je Benezuwela, inda rasuwar tsohon shugaban ƙasa Rómulo Betancourt da zaman makokin da ya biyo baya suka sa aka soke sauran wasanninsu na Caracas, daga nan suka wuce Monterrey da Puebla a Meziko.

To, mutanen da kyamara ta kama a Montreal ke nan. Hannunsu ya faɗa sosai, sun san inda kowa zai shiga da inda zai fita ba tare da sun kalli juna ba. Kuma waɗannan darare biyu su ne na ƙarshe da suka yi cikakken wasa su huɗu kawai. Daga rangadin 1982 suka fara ɗaukar mai kaɗa kibod na haya, Morgan Fisher da farko, sai Fred Mandel, daga 1984 kuma Spike Edney. Duk sautin da ke fita a wannan faifai daga hannu takwas da maƙogwaro uku yake fitowa, in ban da wuri ɗaya da za mu zo kansa.

Darakta Saul Swimmer ne ya shirya ɗaukar. Nufinsa shi ne a riƙa yawo da fim ɗin gari-gari ana haska shi a kan wani ƙaton allo, mutane su sayi tikiti kamar za su shiga wasan gaske. Wannan buri ne ya sa aka yi amfani da fim na silima mai milimita 35 maimakon kaset ɗin bidiyo na gidan talabijin, kuma wannan zaɓi shi ne duk darajar faifan a yau. Fim mai milimita 35 yana riƙe da bayanin hoto da ya isa a sake kwafe shi a 4K a samu sabon abu, kaset ɗin bidiyo na 1981 kuwa abin da ya ɗauka shi ke nan har abada. Amma fim yana da nasa wahalar. Nadi mai tsawon ƙafa 1,000 minti 11 kawai yake yi idan ana ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa, ƙaramin nadi mai ƙafa 400 da ake sa wa kyamarar kafaɗa bai kai minti 5 ba. Ma'ana kowace kyamara dole ta tsaya a sauya mata nadi sau da yawa a tsakiyar wasa, mawaƙi kuwa ba zai jira ba. Shi ya sa ake buƙatar dare biyu, domin abin da ya kuɓuce jiya a kama shi yau. Sharaɗin dabarar shi ne kowa ya sa tufafi iri ɗaya, ya yi motsi iri ɗaya a duka dararen. Jituwa tsakanin ƙungiyar da daraktan ba ta yi kyau ba, kuma Freddie bai bi sharaɗin ba. Mai lura zai ga sakamakon a tufafinsa, daga farin dogon wando da riga mai tambarin Superman zuwa gajeren wando fari, ba riga ba takalmi.

Wannan ɓacin rai ya amfani wasan. Sun kaɗa komai da sauri da zafi fiye da yadda suka saba, kuma Brian May da Roger Taylor sun tabo batun a sharhin da suka naɗa don fitowar faifan ta 2007. Buɗewar da We Will Rock You mai sauri, wadda ba tafi da taka ƙasa a cikinta sai jita da ganga tsantsa, ita ke nuna inda aka dosa. Amma wurin da ya fi cancanta a tsaya shi ne Somebody to Love. A situdiyo an gina waƙar ne da muryoyi da aka jera bisa juna sau da yawa har suka zama kamar ayarin mawaƙan coci. A dandamali babu wannan gata. Abin da suka yi shi ne Freddie ya fara shi kaɗai a kan piyano yana ja yana saki, Roger ya riƙe muryar sama daga bayan gangunansa yana kaɗawa yana rerawa a lokaci guda, Brian ya cike tsakiya. Kyamara tana matsowa har a ga jijiyar wuyan Freddie da gumin da ke ɗiga a kan piyano, a ga yadda yake janye makirufo daga bakinsa kaɗan idan zai ɗaga murya domin kada sautin ya fashe. Wannan aikin hannu ne da ba a koyonsa sai a kan hanya. A Save Me kuma Brian ne ke zaune a kan piyano da farko, Freddie na tsaye, sai a tsakiyar waƙar su yi musanya, Brian ya ɗauki jita Freddie ya zauna, kiɗan bai yi ko tuntuɓe ba.

Under Pressure tana da nata tarihin a nan. A ƙarshen Oktoban 1981 ta fito, tana saman jadawalin Birtaniya a daidai waɗannan kwanaki, kuma a Montreal suka fara yin ta a gaban jama'a. David Bowie, wanda suka yi waƙar tare da shi, ba ya wurin, Freddie da Roger suka raba baitocinsa. Ana jin cewa sabuwa ce a hannunsu, akwai ɗan taka-tsantsan da babu shi a sauran waƙoƙin, kuma hakan bai rage ta da komai ba.

Masu kaɗa jita za su fi daɗewa a kan kaɗin Brian May shi kaɗai. Jitarsa, Red Special, shi da mahaifinsa suka fara ƙera ta a gida a 1963, yana kaɗa ta da tsohon kwabon sisi na Ingila maimakon ɗan robar da aka saba, yana tura ta cikin jerin amfilifaya Vox AC30. Dabarar kaɗin ita ce na'urar maimaita sauti guda biyu: ya kaɗa layi, na'ura ta farko ta dawo da shi bayan ɗan lokaci ta wata lasifika, ta biyu ta sake dawo da shi bayan ninkin wancan lokaci ta wata lasifikar dabam, shi kuma yana ɗora sabon layi a kai, sai mutum ɗaya ya zama jita uku masu jituwa. Idan ya yi kuskuren sauti ɗaya, kuskuren zai dawo masa sau biyu a gaban mutum 18,000. Wannan ne wurin da saitin lasifikoki masu kewaye ke nuna amfaninsa, domin a nan ne ake jin layukan uku sun rabu. A lasifikar talabijin kuwa cakuɗewa suke yi.

Wurin da aka sa tef shi ne tsakiyar Bohemian Rhapsody. Sashen nan mai kama da ofera ba ya yiwuwa da murya uku, kuma ba su taɓa yin kamar suna yinsa ba. Suna sauka daga dandamali gaba ɗaya, a saki naɗin situdiyo, fitilu su yi aikinsu, sannan su dawo da fashewar wuta don sashen ƙarshe. Gaskiya ce da ta cancanci yabo, kuma fim ɗin ya nuna ta yadda take.

Yanzu ga aibi. Fim ɗin minti 95 ne ko kusa da haka, wasan kuwa ya fi haka tsawo. An yanke waƙoƙin Flash da The Hero tun a tacewar farko, kuma ragowar fim ɗin da aka zubar bai tsira ba, don haka babu wata fitowa, ta 2007 ko ta 2024, da ta iya maido da hotonsu. Sautinsu dai yana nan, domin an naɗi wasan a tef mai layuka da yawa, kuma suna cikin faifan CD da faifan garmaho. Rashin ragowar fim ɗin ya kuma ɗaure hannun masu gyara: sun iya wanke hoto su sake haɗa sauti, amma ba su iya sauya zaɓin da editan farko ya yi ba. Zaɓin nan kuwa yana da son kai. Kyamara ta manne wa Freddie, abin da ba laifi ba ne, sai dai John Deacon ya zama baƙo a cikin fim ɗin ƙungiyarsa. Ko a Another One Bites the Dust, waƙar da shi ya rubuta kuma layin bes ɗinsa ke ɗauke da ita, bai samu rabon da ya kamace shi ba. 'Yan kallo ma ba a cika ganinsu ba. A Love of My Life, wadda jama'ar Ajantina da Brazil suka karɓe daga bakin Freddie suka rera da kansu watanni kaɗan kafin nan, amshin mutanen Montreal bai kai ko kusa ba. Wanda ke neman ganin yadda Queen ke juya taron jama'a ba a nan zai gani ba, a faifai na Live Aid zai gani.

Fitowar 2024 ta zo da wasan Montreal a siffa biyu, cikakken hoto mai kusan murabba'i da kuma mai faɗi wanda ke cika allon zamani. Cikakken ne ya fi. Ana samun mai faɗin ne ta hanyar datse sama da ƙasa, kuma daga siffar 4:3 zuwa 16:9 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin hoton ne ke tafiya. Abin da ke sama a wannan wasa shi ne jerin fitilun da ke tashi suna sunkuyowa kan makaɗan, abin da ke ƙasa kuma ƙafafun Freddie ne da hannun masu kaɗa jita idan an matso kusa. Baƙin shafi a hagu da dama ƙaramin farashi ne a kan wannan. Kada a taɓa maɓallin da ke miƙe hoto ya cika allo, domin faɗaɗa fuskoki kawai yake yi.

Saiti uku ne ke lalata hoton, kuma yawancin talabijin da su a kunne suke fitowa daga kwali. Na farko shi ne mai santsin motsi, wanda kowane kamfani ke ba shi nasa suna, TruMotion a LG, Motionflow a Sony. Aikinsa shi ne ƙirƙiro hotuna na ƙarya a tsakanin 24 na gaske, kuma idan ya gamu da sandar ganga mai gudu ko fitila mai walƙiya sai ya ruɗe, a ga inuwa na bin hannun Roger Taylor. A kashe shi. Na biyu shi ne mai rage dishi-dishi. Fim da aka ɗauka a zaure mai duhu yana da ƙwayoyi ƙanana da ke motsi, musamman a cikin jan haske da shuɗi, kuma waɗannan ƙwayoyi su ne hoton kansa. Idan na'ura ta goge su, tana haɗawa da gashin baki da gumi da zaren tufafi, fuska ta koma kamar ta roba. Na uku shi ne ƙarin kaifi, wanda ke zana farin layi a gefen komai. A mayar da shi sifili ko kusa da haka. Talabijin mai Filmmaker Mode yana yin duka ukun da taɓi ɗaya, wanda ba shi da shi a zaɓi yanayin silima sannan a duba ukun da hannu. Fitilar ɗaki kuma a rage ta, domin rabin kyan wannan fim yana cikin baƙin da ke kewaye da dandamali.

Sauti ya fi hoto saurin ɓaci. Akwai zaɓin sitiriyo, akwai na kewaye, kuma fitowar 2024 ta ƙara Dolby Atmos, tsarin sauti mai kewaye wanda ke zuwa har daga sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai lasifika biyu ya zaɓi na kewaye don yana ganin shi ne babba. Abin da ke faruwa shi ne na'ura ta matse layuka shida ko fiye cikin biyu da lissafinta, ihun zaure da amsa-kuwwar bango su hau kan murya, ƙarar gaba ɗaya ta ragu. Mai lasifika biyu ko abin sawa a kunne ya zaɓi sitiriyo, wanda injiniyoyi suka haɗa da kunnensu don lasifika biyu. Mai cikakken saiti kuma ya duba hanyar da sautin ke bi. Wayar haske (optical) ba ta iya ɗaukar Atmos ko wani sauti mai kewaye da ba a matse ba, iyakarta sitiriyo ko 5.1 matsattse. Ramin HDMI mai alamar ARC shi ma bai isa ɗaukar Dolby TrueHD ba, wato sautin da ba a matse ba wanda Atmos na faifai ke zuwa a cikinsa, sai mai alamar eARC. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa na'urar faifai kai tsaye da amfilifaya, daga amfilifaya a wuce talabijin, sannan a saitin na'urar faifan a zaɓi Bitstream, a kashe sauti na biyu, in ba haka ba na'urar za ta sauya sautin da kanta kafin ya isa, alamar Atmos ba za ta taɓa fitowa ba. A kashe yanayin dare da duk wani abin da ke daidaita ƙara, domin shi ke sa dukan ganga da raɗar piyano su zo da ƙarfi ɗaya. Lasifikokin gaba su kasance kusan digiri 30 hagu da dama daga wurin zama, na baya kusan digiri 110, mararrabar bes, wato iyakar da sauti mai kauri ke komawa lasifikar bes, a hez 80 don farawa. Idan baki da murya ba su haɗu ba a ko'ina cikin fim ɗin, talabijin ne ke jinkirta hoto, a ƙara jinkirin sauti a amfilifaya kaɗan-kaɗan, ana gwadawa da dukan ganga, wanda ya fi leɓe saurin nuna kuskure. Idan kuwa a wuri ɗaya ko biyu ne kawai, ɗinkin dare biyu ne, babu saitin da zai gyara shi.

Idan komai ya zauna daidai, haɗin sautin yana da nauyi da sarari. Bes ɗin Deacon, wanda kyamara ta yi wa rowa, kunne yana samunsa a cike, kuma a Dragon Attack ana jin yadda shi da Roger ke riƙe ƙasa yayin da sauran biyun ke yawo.

Sashen Live Aid labari ne dabam. Ranar 13 ga Yulin 1985, filin Wembley na Landan, mutum 72,000, Queen suka hau da ƙarfe 6:41 na yamma, rana ba ta faɗi ba, babu fitilunsu, babu hayaƙi. Minti 20 aka ba kowa, suka cusa waƙoƙi shida a cikin kusan minti 21, bayan sun yi kwanaki suna atisaye a gidan wasan Shaw na Landan suna yanke kowace waƙa zuwa gwargwadon da za ta shiga. Wasu manyan mawaƙa sun zo ranar da sababbin waƙoƙi ko dogon kaɗi, su kuwa sun zo da abin da kowa ya sani, suka jera ba tare da ɓata daƙiƙa ba. Hoton filin gaba ɗaya yana tafi sau biyu yana ɗaga hannu a Radio Ga Ga, har can ƙarshen fili inda ake ganin tafin na zuwa a makare saboda nisan da sauti ke tafiya, shi ne abin da Montreal ta rasa. Faifan ya haɗa da waƙar da Freddie da Brian suka dawo suka yi su biyu da dare, da kuma hotunan atisayen. Amma kada a sa ran kaifin hoto. Kyamarorin BBC ne suka ɗauka a bidiyo mai layi 625, a siffar 4:3, kuma ɗaga shi zuwa babban allo ba ya ƙirƙiro abin da babu. Launi ya gyaru, gefuna sun yi tsabta, fuskar mutum na nesa kuwa dishi-dishi take kamar yadda take tun 1985. Sautin ne ya fi cin riba.

Babban giɓin wannan kunshi shi ne ya ɗauki mai kallo daga 1981 ya dire shi a 1985 ba tare da ya faɗi abin da ya faru a tsakani ba, alhali shi ne ke bayyana dalilin da ya sa Live Aid ta zame musu ceto. Kundin Hot Space na 1982 ya raba kan masoyansu, kasuwarsu a Amurka ta faɗi, kuma bayan wasannin Satumban 1982 a Los Angeles ba su sake rangadi a Amurka tare da Freddie ba. A Oktoban 1984 kuma suka je Sun City a Bophuthatswana, yankin da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ƙirƙira ta kira shi ƙasa, a lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kiran mawaƙa su ƙaurace. Ƙungiyar makaɗa ta Birtaniya ta ci su tara, sunansu ya shiga jerin waɗanda suka karya ƙauracewar. Sun kare kansu da cewa 'yan kallon a cakuɗe suke kuma sun tallafa wa wata makarantar kurame da makafi, amma zuwan kuskure ne babba, kuma tarihin rangadinsu bai cika ba idan aka tsallake shi. A Janairun 1985 suka yi dare biyu a Rock in Rio. Bayan Live Aid sai rangadin ƙarshe na 1986, wasa 26 a Turai, daga Stockholm ranar 7 ga Yuni, zuwa dare biyu a Wembley ranar 11 da 12 ga Yuli, da filin Népstadion na Budapest ranar 27 ga Yuli lokacin Hangari na ƙarƙashin mulkin kwaminis, har Knebworth a Ingila ranar 9 ga Agusta, wanda ya zama wasan Freddie na ƙarshe da ƙungiyar. Ya rasu ranar 24 ga Nuwamba 1991, shekara goma cif bayan daren farko na Montreal. Wasan Budapest shi ma a fim mai milimita 35 aka ɗauke shi, don haka shi ne abokin tafiyar wannan faifai ga mai son hoto mai kyau na shekarun ƙarshe.

Idan aka ɗora wannan tarihin hanya kusa da jerin lambobin yabonsu, abin mamaki ne yadda masu ba da kyauta suka makara. A gida ba su yi rashi ba: Freddie ya samu lambar Ivor Novello ta marubuta waƙa a tsakiyar shekarun 1970, kuma a bikin 1977 da ya zama mafarin kyaututtukan Brit, Bohemian Rhapsody ta raba kyautar waƙar Birtaniya mafi kyau ta shekara 25 da wata waƙar Procol Harum. A Amurka kuwa, a shekarar da aka ɗauki wannan fim, Another One Bites the Dust ta ci kyautar American Music Awards, wadda jama'a ke zaɓa, amma a Grammy, inda 'yan sana'a ke zaɓe, Bob Seger ne ya ɗauke. Queen ba su taɓa cin Grammy ta gasa ba. Manyan karramawar duk bayan sun bar hanya suka zo: Ivor Novello ta gudummawa ga kiɗan Birtaniya a 1987, irinta ta Brit a Fabrairun 1990, inda Freddie ya hau dandamali a rame ya yi godiya a taƙaice, Rock and Roll Hall of Fame a 2001, tauraro a titin Hollywood a 2002, Songwriters Hall of Fame a 2003 inda aka shigar da su huɗun tare domin kowannensu ya rubuta waƙar da ta yi tashe, Grammy ta aikin rayuwa a 2018, da Polar Music Prize ta Suwidin a 2025. Mutanen da suka cika Morumbi sun yanke hukuncinsu shekara 37 kafin Grammy ta yanke nata. Kunshin bai ce komai a kan wannan ba, kuma ɗan littafi mai jadawalin rangadi da lambobin yabo da ya ƙara masa daraja ƙwarai.

Batun wanda za a saya ya danganta da na'urar da ke gida. Faifan 4K ba ya aiki a na'urar Blu-ray ta yau da kullum, sai mai alamar Ultra HD. PlayStation 5 mai ramin faifai da Xbox Series X suna karanta shi, PlayStation 4 ba ta karantawa. Faifan 4K ba shi da kullen yanki, wanda ke hana faifai aiki a na'urar wani yankin duniya, Blu-ray da DVD kuwa suna iya zuwa da shi, don haka a duba bayan kwali kafin a biya. A allon da bai kai inci 50 ba, ko idan wurin zama ya wuce mita 3 daga allon, bambancin 4K da Blu-ray na 2024 kaɗan ne, kuɗin ya fi amfani a kan lasifika. Tsohuwar fitowar 2007 mai faɗi ce kawai, kuma akwai DVD ɗinta mai faifai ɗaya wanda babu Live Aid a ciki, abin da masu sayen na hannu ke yawan ganowa bayan sun kai gida. Mai son jin wasan da waƙoƙin nan biyu da aka yanke sai ya haɗa da CD mai faifai biyu, ya kuma tuna cewa PlayStation 5 ba ta kunna CD na waƙa.